Wace irin lamba ce 18,446,744,073,709,551,615?

Alhaji Sabo mai shago: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu lissafi ku zo ku taimaka. Jiya da daddare bayan mun rufe shago na buɗe manhajar da muke rubuta kaya a waya don in ga katan nawa na taliya ya rage. Abin da ta nuna mini ke nan: 18446744073709551615. Na cire tabarau na goge na sake dubawa, yana nan daram. Shagon nan ko katan 300 aka zuba masa sai mun tsaya a waje. Wannan lamba ce ta gaske ko wayar ce ta haukace?

Baban Ummi: Alhaji ka yi arziki ba ka sani ba. Sai a fitar da zakka mu zo mu karɓa.

Nafisa 'yar aji uku: Baba Alhaji na ƙirga, lambobi 20 ne a jere. Ni ko karanta ta ban iya ba. Bayan tiriliyan me ake cewa?

Baban Ummi: Malala gashin tinkiya.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ba da ka aka zaɓo lambar ba. Duk mai rubuta manhaja ya san ta kamar sunansa. Kwamfuta tana ajiye adadi ne a cikin gurabe, kowane gurbi ko 0 ko 1. Idan gurabe 64 aka ware, kuma aka ce adadin ba zai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, to iyakar abin da za su ɗauka shi ne ranar da duka 64 ɗin suka zama 1. Wannan iyakar ita ce lambar da ka gani. Ka tuna mitar babur mai ƙirga tafiya, idan ta kai 99999 sai ta koma 00000. To juya ta baya: tana 00000 ka rage ɗaya, sai ta faɗa 99999. Ina kyautata zaton a rubuce saura katan sifili, sai wani ya sayar da ɗaya ya shigar. Ka tambayi yaranka.

Alhaji Sabo mai shago: Ikon Allah. Wato bashin katan ɗaya ake bina, shi ne aka rubuta mini dukiyar Ƙaruna. Bari yaron ya zo da safe.

Sani Kwamfuta: Injiniya ya yi daidai. Ƙari a kai, 2^64 − 1 ce, wato a jera 2 guda 64 a ninka a ɗebe 1, kuma irin waɗannan su ake kira lambobin Mersenne, babu abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Firam ce babba.

Malama Hadiza: Sani, tsaya. Da me lambar ta ƙare?

Sani Kwamfuta: Da 5.

Malama Hadiza: To ɗan aji huɗu na firamare ma ya san duk lambar da ta ƙare da 5, biyar na raba ta. Kuma tara lambobinta ɗaya bayan ɗaya ka gani, 87 za ka samu. Uku na raba 87, saboda haka uku na raba ta. Tara kuwa ba ta raba 87, don haka uku sau ɗaya kawai take shiga. Gaskiyarka a siffa, duk lambar da aka jera 2 aka ninka sannan aka ɗebe 1 ana jingina ta ga Mersenne, wani malamin kirista Bafaranshe na ƙarni na 17. Amma kasancewa a gidan ba ya sa ta zama firam. Sharaɗin farko shi ne yawan 2 ɗin da aka jera shi kansa ya zama firam, 64 kuwa ko 2 na raba ta. Sharaɗin ma bai wadatar ba: 11 firam ce, amma 2^11 − 1 shi ne 2047, wato 23 sau 89.

Sani Kwamfuta: Na karɓi gyara Malama. Da 2,147,483,647 na rikita ta, ta gurabe 31. Ita ce firam.

Malama Hadiza: Ita kam haka ne, babban masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da ita a 1772.

Malam Tanko na Zariya: Ni wannan "firam" ɗin ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da cika da mara tun kaka da kakanni, yara na wasa da su da ƙwallon goruba. Me ya hana mu sama wa wannan suna? A littattafan hisabi na Larabci adadi awwali ake ce mata. In da ni za a bi, gagara-rabo zan ce.

Nafisa 'yar aji uku: Allah ya gafarta Malam, a jarrabawa in na rubuta gagara-rabo sifili za a ba ni.

Malam Tanko na Zariya: A nan ba jarrabawa muke ba 'yata.

Malama Hadiza: Na karɓa, gagara-rabo. To bari in fasa muku lambar Alhaji, don ni a nan daɗinta yake. Ba a buƙatar na'ura, dabara ɗaya ce ake ta maimaitawa. Duk lambar da aka ninka da kanta aka ɗebe 1, daidai take da ta ƙasa da ita sau ta sama da ita. Misali 4 sau 4 ban da 1 shi ne 15, kuma 3 sau 5 shi ne 15. Lambar Alhaji saura 1 ta zama 4,294,967,296 sau kanta. Saboda haka ta tsage biyu:

4,294,967,295 × 4,294,967,297

Ta hagun ita ma saura 1 ta zama 65,536 sau kanta, sai ta tsage zuwa 65,535 × 65,537. Ita 65,535 ta ba da 255 × 257. Ita 255 ta ba da 15 × 17. Ita 15 ta ba da 3 × 5. Kamar ɓare albasa, kowane zagaye ka cire ɓawo ɗaya ka ajiye. Abin da muka ajiye ke nan: 3, 5, 17, 257, 65,537, sai babbar, 4,294,967,297. Biyar ɗin farko duka gagara-rabo ne.

Nafisa 'yar aji uku: Ta shidan fa Malama?

Malama Hadiza: Ita ce ta kunyata babban mutum. Ki lura da yadda suke hayayyafa: ki ɗebe 1, ki ninka abin da ya rage da kansa, ki mayar da 1 ɗin. Daga 3 ki sami 5, daga 5 ki sami 17, daga 17 ki sami 257, haka har gaba. Pierre de Fermat, lauya ne a Tulus ta ƙasar Faransa, lissafi kuwa a lokacin hutunsa yake yi, a 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk lambar da ta fito a wannan jeri gagara-rabo ce. Ya dai amsa cewa hujjar ba ta kammalu a hannunsa ba. Aka zauna a haka shekara 92. A 1732 Leonhard Euler, yana saurayi ɗan shekara 25 a birnin San Fitasbag na Rasha, ya nuna cewa 4,294,967,297 ba komai ba ce illa 641 × 6,700,417. Wanda bai yarda ba ya ɗauki biro. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 ita kanta. A tara a gani. Kuma abin dariyar, tun daga 65,537 har yau ba a sake samun ko ɗaya a jerin da ta zama gagara-rabo ba. Duk wadda aka iya gwadawa sai ta fashe.

Baban Ummi: To shi wannan Yula ɗin zama ya yi yana rabawa da 2, da 3, da 4 har ya kai 641? Ba shi da aikin yi ne?

Malama Hadiza: Oila ake faɗi, Baban Ummi. Kuma bai sha wannan wahalar ba. Daga baya ya bayyana cewa duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba dole ya kasance ninkin 64 da ɗoriyar 1. In ka bi su ka zubar da masu rabuwa, abin da ya rage shi ne 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji na biyar ya faɗa. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne Fermat yana da kayan aikin da zai gano haka da kansa, don ƙa'idar da aka dogara da ita tasa ce. Rabawa biyar ce tsakaninsa da gaskiya.

Saboda haka cikakken rabon lambar Alhaji:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Gagara-rabo bakwai, babu wanda ya zo sau biyu.

Injiniya Bashir: Tunda babu maimaici, ƙirga masu raba ta ya zo da sauƙi. Kowane ɗaya cikin bakwai ɗin ko ka ɗauke shi ko ka bar shi, zaɓi biyu sau bakwai, 128 ke nan, har da 1 da ita kanta. Lamba mai wannan girma a ce 128 kaɗai ke raba ta, ai ba ta da jama'a. 83,160 da ba ta kai dubu ɗari ba ma 128 ke raba ta.

Sani Kwamfuta: Na zuba ta a Excel don in gwada, sai ya mayar da ƙarshenta 00000. Wa ya yi kuskure?

Injiniya Bashir: Excel lambobi 15 na farko kawai yake riƙewa, sauran ya cike da sifili. Kalkuletar waya ma yawanci 1.8446744 za ta nuna maka da 19 a gefe. Buɗe manhajar Python ka rubuta 2**64 - 1, zai ba ka ita cif.

Isufu na Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Nafisa ta yi tambaya an bar ta da gashin tinkiya. Mu a lakwal an koya mana wannan tiriliyan 18 ce da 'yan kai.

Sani Kwamfuta: Haba Isufu. Tiriliyan sifili 12 gare ta. Kasafin kuɗin Najeriya ma da tiriliyan ake faɗinsa. Wannan ta ninka tiriliyan sau miliyan.

Isufu na Maraɗi: Tiriliyan ɗinku ke nan. A Faransanci mai sifili 9 miliyar ce, mai sifili 12 ita ce biliyon, mai sifili 18 ita ce tiriliyon. Ban yi kuskure ba, ƙirgan ne ya bambanta. Shi ya sa in mutumin Kano ya ce biliyan, mu sai mun mayar da ita miliyar a ka kafin mu gane.

Malama Hadiza: Dukanku kuna da gaskiya, tsari biyu ne a duniya, kuma iyakar Jibiya ta raba mu a kai. Nafisa, a ƙirgan makarantarku kwintiliyan 18 ce. In kina son kakarki ta gane, ki ce miliyan sau miliyan sau miliyan, har sau 18, da ɗoriya.

Malam Tanko na Zariya: Kun yi ta ambaton Turawa, bari in shigo da nawa. Wannan adadin malaman Musulunci sun san shi tun kafin a haifi kakan Fermat. Hikayar shaɗaranji ce, darar nan mai gida 64 da ta samo asali daga Indiya. Ibn Khallikan, alƙali kuma marubucin tarihin mutane a ƙarni na 13, ya kawo ta: wanda ya ƙago wasan ya kai wa sarki, sarki ya ji daɗi ya ce faɗi abin da kake so. Ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, har ya ji haushi. Da ma'aji suka zauna lissafi sai suka dawo suka ce duk rumbunan ƙasar ba su isa ba. Jimillar ƙwayoyin ita ce lambar da ta fito a wayar Alhaji, ba ƙari ba ragi. Kafin shi ma masanin hisabi Albiruni, wajen shekara ta 1000, ya fitar da adadin, ta hanyar jera 16 guda 16 a ninka a ɗebe 1. Da alƙalami da tawada.

Nafisa 'yar aji uku: Malam ya aka yi jimillar ta zama daidai da ita? Ai can tarawa ake, nan kuma ninkawa.

Injiniya Bashir: Gwada da ƙanana. 1 da 2 sun ba da 3, saura 1 ya kai 4. Ƙara 4 ki sami 7, saura 1 ya kai 8. Ƙara 8 ki sami 15, saura 1 ya kai 16. Kullum jimillar gidajen baya tana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Gida na 65, da akwai shi, 2^64 zai ɗauka, don haka 64 ɗin sun tara 2^64 − 1. Kuma abin da kwamfuta ke yi ke nan: gurbin farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4. Gurabe 64 duka a kunne, allon shaɗaranji ne aka cika.

Baban Ummi: Ni ku bar ni da ƙwaya, ku faɗa mini a buhu.

Maman Sadik: Bari ni mai sayar da shinkafa in gwada, Malama ta duba mini. Mu ƙaddara ƙwaya 40 ke yin giram ɗaya, don ya danganta da irin shinkafar. Buhu mai kilo 50 zai ɗauki ƙwaya miliyan 2 ke nan. Gida na 21 ƙwaya 1,048,576 ne, rabin buhu. Gida na 22 buhu guda. Wato har an kusa cinye layi uku na allon sarki na dariya, don abin da ya bayar buhu biyu ne kawai da 'yan kai. Daga nan ne abin ke ɓaci. In aka raba lambar gaba ɗaya da miliyan 2, buhu ya haura tiriliyan 9, irin tiriliyan ɗinmu ba ta Isufu ba. A raba wa mutanen duniya biliyan 8, kowa har jariri ya tashi da buhu sama da 1,100.

Malama Hadiza: Lissafinki ya fita, Maman Sadik.

Baban Ummi: Da a darar gidanmu mai gurbi 30 aka yi wannan ciniki fa?

Maman Sadik: 1,073,741,823. Buhu 537 ne ko ƙasa kaɗan, ko tirela ɗaya bai cika ba. Wannan ko a Dawanau mutum ɗaya zai biya bai ji ba.

Baban Ummi: Ashe girman allo ne ya kashe sarki.

Malam Tanko na Zariya: Akwai kuma rabon da masu hisabi na da suke wa adadi gida uku: tammi, za'idi da naƙisi. Ka tara duk masu raba adadi ban da shi kansa. In jimilla ta yi daidai da shi, tammi ne, kamar 6 da 1, 2, 3 ke rabawa, ko 28. In ta wuce shi za'idi ne, kamar 12 da nasa suka tara 16. In ta gaza naƙisi ne. Malama, wannan ƙatuwar a wane gida take? Ni zuciyata na ce mini za'ida ce saboda girmanta.

Malama Hadiza: Allah ya gafarta Malam, naƙisa ce. Girma ba ya shiga wannan hukunci, ƙananan masu rabawa ne ke yanke shi. Ita mara ce, ba ta da rabi, babban kasonta shi ne sulusi, sai humusi, sai ɗaya cikin 15, sai ɗaya cikin 17, daga nan kason ya yi ta ƙanƙancewa. Hanya mafi sauri ita ce a ninka 4/3 da 6/5 da 18/17 da 258/257 har ƙarshen bakwai ɗin. Ana samun 1.70 da 'yan kai, kuma sai ya kai 2 ake zama tammi. Wato in ka tara masu raba ta 127, kusan kashi 70 cikin 100 nata kawai za su kai. Amma tambayar Malam ta taɓo wani abu. Duk lokacin da irin wannan lamba ta zama gagara-rabo, tana haifar da tammi: 3 ta haifi 6, 7 ta haifi 28, 31 ta haifi 496, 127 ta haifi 8,128. Tun zamanin Iƙilidis, masanin lissafin Girkawan da, aka san haka. Tamu da yake ta fashe, ba ta haifi komai ba.

Sani Kwamfuta: Har yanzu ana farautar su. A Oktoban 2024 aka sanar da 2^136,279,841 − 1, wani Luke Durant ya gano ta, lambobinta 41,024,320 a jere. Ta Alhaji mai 20 jaririya ce.

Malam Tanko na Zariya: Shekarar nan 1732 da Malama ta ambata ta tsaya mini a rai. A ita ce Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkatsinawi ya rubuta littafinsa na Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin su uku-uku da biyar-biyar, wanda kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace ke ba da jimilla ɗaya. Mutumin Katsina ne, ya je hajji, ya zauna a Alƙahira, a can ya rasu a 1741.

Sani Kwamfuta: Wato ana iya cewa tare suka yi aikin da Euler, ko ma daga wajensa aka ɗauka?

Malam Tanko na Zariya: A'a, kada ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. Shekara ce kawai ta haɗa su, fanninsu daban, garinsu daban. Na kawo shi ne don Nafisa ta san akwai Bakatsine da ke wannan sana'a a lokacin. Irin wannan ƙarin gishirin ne ke sa a ƙi yarda da mu ko da mun faɗi gaskiya.

Nafisa 'yar aji uku: Na rubuta sunansa Malam. Malama, tambaya ta ƙarshe. Da mutum zai ƙirga ta da baki, lamba ɗaya kowace daƙiƙa?

Malama Hadiza: Shekara tana da daƙiƙa miliyan 31 da rabi da 'yan kai. Ki raba da kanki ki kawo mini gobe. Amsar ta haura shekara biliyan 500, in kin sami ƙasa da haka kin zubar da sifili a hanya.

Alhaji Sabo mai shago: Salamu alaikum, na dawo. Injiniya, maganarka ce. Ranar Talata an kawo katan 20, yaron ya shigar da 19, wai ɗaya ya jiƙe ya ajiye shi gefe zai tambaye ni sai ya manta. Da kaya suka ƙare wata mata ta ce ta ji ta gani a ba ta jiƙaƙƙen a rage mata ɗari biyar, ya ba ta, ya danna an sayar. Na shigar da katan ɗin yanzu, ta koma 0.

Baban Ummi: Zakkar fa, Alhaji?

Alhaji Sabo mai shago: Zo ka karɓi kwalin, yana nan bayan ƙofa bai gama bushewa ba.